Shin Larabci ne ya haifi Ibrananci da Amharanci? Asalin harsunan Samiyawa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin Larabci ne. Na ji Bayahude yana gaisuwa da "shalom", na ji Bahabashe yana cewa "salam", sai na ɗauka duk daga Larabci suka samo. Wani abokina ya ce a'a, Ibrananci ya girmi Larabci. Wanne ne uwa a cikinsu? Su waye Samiyawa, kuma daga ina suka taso? Gaskiya ne Hausa ma tana da dangantaka da su?

Amsa: Ɗan'uwa, Larabci bai haifi Ibrananci ba, Ibrananci ma bai haifi Larabci ba. 'Yan'uwa ne, kakarsu ɗaya, kuma wannan kakar ta shuɗe tun kafin a fara rubutu, ba ta bar ko layi ɗaya ba. Daga bakin jikokinta masana kimiyyar harshe suke gano kamanninta, ta hanyar jera harsunan a gwada su baƙi da baƙi, wasali da wasali.

Abin da kunnenka ya jiyo, magabata sun riga mu ji. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, kuma rabin wata bai cika ba sai da ya iya. Zaidu haziƙi ne, amma kusancin harsunan biyu ya rage masa tafiya ƙwarai. A ƙarni na 8 Khalil ɗan Ahmad ya rubuta a ƙamusunsa, Kitabul Aini, cewa Kan'aniyawa, wato tsoffin mazauna Falasɗinu da Labanan, suna magana da harshe mai kama da Larabci. A wajajen ƙarni na 10 wani malamin Yahudawa na garin Tahart, cikin Aljeriya ta yau, mai suna Yahuza ɗan Ƙuraish, ya aika wa Yahudawan Fas wasiƙa yana jera kalmomin Ibrananci da Aramiyanci, wani tsohon harshen ƙasar Sham, da Larabci gefe da gefe. Sai Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya fito fili a littafinsa Al-Ihkam ya ce Suryaniyanci, wani karin Aramiyanci, da Ibrananci da Larabci asalinsu harshe ɗaya ne, sauyin mazauni da tsawon zamani da cuɗanya da maƙwabta ne suka raba su. Wannan magana ta riga binciken Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma har yau ba ta tsufa ba.

Shi kuwa sunan Samiyawa, a Jamus aka raɗa shi. Wani masanin tarihi na jami'ar Gottingen, August Ludwig von Schlözer, ya fara amfani da shi a 1781, ya ciro shi daga sunan Sam ɗan Annabi Nuhu kamar yadda zuriyarsa ta zo a babi na 10 na littafin Farawa na Attaura. Sunan ya zauna, amma bai yi daidai da iyakar harsunan ba. Wancan babin ya sa Kan'aniyawa cikin zuriyar Ham, alhali harshensu ɗan gidan nan ne na ainihi. Ya kuma sa mutanen Elam, wata tsohuwar ƙasa a Iran ta yau, cikin zuriyar Sam, alhali harshensu ba shi da wata alaƙa da waɗannan. Don haka idan ka ji masana sun ce harsunan Samiyawa, dangin harsuna suke nufi, ba lissafin nasaba suke yi ba.

Me ya sa aka ce dangi ɗaya ne? Abu na farko shi ne wanda malaminka na sarfu ya fara koya maka: saiwa mai baƙi uku da ake zuba mata wasula a fitar da ma'anoni. Daga k-t-b Balarabe yana samun kataba, katib, kitab, maktab. Ba'ibrane yana samun katav, ya rubuta, kotev, mai rubutu, mikhtav, wasiƙa. Tsarin nan ɗaya ne daga tsohuwar Babila har Addis Ababa. Ga ɗafa-goshin aikatau, wato a, ta, ya, na, waɗanda ka haddace da sunan haruffan mudara'a, suna nan a kusan kowane harshe na gidan. Ga kalmomin da ba a cika aro ba, na jiki da dangi da gida: ab, umm, akh, ain, yad, dam, bait, kalb.

Amma kamanni kaɗai ba hujja ba ce, domin aro ma yana kawo kamanni. Hujjar da ba ta da makawa ita ce sauyin sauti mai bin ƙa'ida. Duk inda Larabci yake da harafin ث, za ka tarar da sh a Ibrananci da Akadiyanci, wato harshen tsohuwar Babila, ka tarar da t a Aramiyanci. Uku, a Larabci da Ibrananci da Akadiyanci da Aramiyanci bi da bi: thalath, shalosh, shalash, tlat. Bijimi: thaur, shor, shuru, tora. Dusar ƙanƙara: thalj, sheleg, shalgu, talga. Duk inda Larabci yake da ذ, Ibrananci z yake yi, Aramiyanci kuma d: dhahab, zahav, dahba, wato zinariya. Doguwar fatahar Larabci kuma o take komawa a bakin Kan'aniyawa, shi ya sa salam ta zama shalom, lisan ta zama lashon. Ɗaruruwan kalmomi ne suke bin wannan ƙa'ida, kuma aro ba ya zuwa da tsari irin wannan. Gado ne kaɗai yake yin haka.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba za a ce Larabci ne uwa ba. Masana sun gano cewa kakar tana da baƙaƙe 29. Larabci ya riƙe 28, abin da ya sa duk mai nazarin waɗannan harsuna ba ya wadatuwa da barinsa. Ibrananci da Finikiyanci, tsohon harshen Labanan, haruffa 22 suke rubutawa, sun narkar da sautuka da dama cikin juna. Sai dai akwai wurin da Larabci ne ya yi narkarwar. Sinun da ke cikin salam da sinun da ke cikin asir, wato fursuna, duk س ɗaya ne a Larabci. A Ibrananci kuwa baƙaƙe biyu ne daban, na farko shin, na biyu samek. Da a ce Ibrananci ne ya ƙirƙiro wannan bambanci da kansa, da ba za a same shi a wani wuri ba. To, sai ga tsoffin rubuce-rubucen Saba'awa na Yaman, waɗanda suka riƙe baƙaƙen 29 cif, suna rarrabe sautukan nan biyu a irin waɗannan kalmomi. Ke nan bambancin tsoho ne, Larabci ne ya haɗe su. Haka sautin p: Akadiyanci yana cewa petu, Ibrananci patah, Larabci ya mayar da shi fataha. Abin da ya ɓace wa uwa, 'ya ba ta da inda za ta samo shi. Matsayin Larabci a gidan nan kamar na jikar da ta gaji mafi yawan kayan ɗakin kakarta ne, ta kuma adana su da kyau, amma wasu 'yan kwanoni suna ɗakunan 'yan'uwanta.

Ka lura da wani abu da na tabbata ya taɓa ɗaure maka kai a nahawu. Me ya sa "lam yaktub" take nufin bai rubuta ba, a shuɗaɗɗen lokaci, alhali siffar aikatau ɗin ta mudari'i ce? Amsar tana Iraƙi. A Akadiyanci wannan gajeriyar siffa, irin su iprus, ya yanke, ita ce ainihin shuɗaɗɗen lokaci. Larabci ya samar da sabuwar hanya ta kataba, sai tsohuwar ta rage a ƴan wurare kamar bayan lam. Malaman Basra da Kufa sun siffanta ƙa'idar daidai. Tarihinta ne sai da aka karanta allunan Babila aka gane.

Akadiyanci shi ne ɗan gidan da ya riga kowa shiga rubutu. Sunayen mutane na Samiyawa sun fara bayyana a allunan yumɓu na Sumeriyawa a kudancin Iraƙi tun wajajen 2600 kafin Miladiyya. Sumeriyawa wata al'umma ce daban, harshensu ba shi da dangi sananne, kuma su suka ƙago rubutun ƙusa da ake dannawa a ɗanyen yumɓu. Da Sarki Sargon na Akkad ya kafa daularsa a wajajen 2334 kafin Miladiyya, sai harshensa ya zama na mulki. Daga baya ya rabu biyu, karin Babila a kudu da karin Assuriya a arewa. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila na ƙarni na 18 kafin Miladiyya, da wannan harshe aka sassaƙa su a dutsen da aka tono a Susa a 1901, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faris. Ɗalibin Larabci da ya duba su zai ga i'irabi da idonsa, irin na kalbum, kalbam, kalbim, daidai da kalbun, kalban, kalbin. Rufu'a da nasabu da jarra sun girmi Sibawaihi, babban malamin nahawu, da fiye da shekara dubu biyu. Sai dai zama da Sumeriyawa ya yi wa harshen tasiri, ya zubar da yawancin haruffan maƙogwaro irin su ع da ح, ya kuma koma ajiye aikatau a ƙarshen jumla.

A ƙarni na 14 kafin Miladiyya Akadiyanci ne harshen wasiƙu tsakanin sarakuna. Wasiƙu kusan 380 da aka samu a Amarna ta Masar a 1887 sun nuna Fir'auna kansa da shi yake musayar saƙo da sarakunan Babila da na Hittiyawa da hakiman Kan'ana. Allon ƙarshe da aka sani na rubutun ƙusa na ƙarni na 1 Miladiyya ne, lissafin taurari ne a cikinsa. Daga nan harshen ya yi shiru har ƙarni na 19. A 1857 aka ba masana huɗu, Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert, kwafin rubutu ɗaya, kowa ya fassara shi kaɗai ya aika Landan a rufe. Da aka buɗe aka ga fassarorin sun dace, sai aka yarda an warware rubutun. A 1974 da 1975 kuma masu tono daga Italiya ƙarƙashin Paolo Matthiae suka samu dubban alluna a Ebla, kudu da Halab, na wajajen 2400 kafin Miladiyya, cikin wani harshe ɗan'uwan Akadiyanci na kusa. Su biyun su ne reshen gabas, kuma reshen ya mutu gaba ɗaya. Duk harsunan Samiyawa da ake ji a yau na reshen yamma ne.

Babbar kyautar da mutanen reshen yamma suka yi wa duniya ita ce haruffa. Rubutun ƙusa da na Masar alamomi ɗaruruwa ne, sai wanda ya shekara da shekaru a makaranta yake iya su. A wajajen 1900 zuwa 1800 kafin Miladiyya wasu Kan'aniyawa da ke aiki a ƙasar Masar suka ɗauki 'yan zane-zane kaɗan, suka ce kowane zane ya tsaya a madadin sautin farko na sunansa a harshensu. Kan sa, alf, ya zama alifi. Gida, bait, ya zama ba. Tafin hannu, kaff, ya zama kaf. Ruwa ya zama mim, ido ya zama ain, kai ya zama ra. An samu irin wannan rubutu a ma'adinan Sarabit al-Khadim a Sina'i, inda Flinders Petrie ya gan shi a 1905, da kuma Wadi al-Hol kusa da Luksor. A Ugarit, bakin tekun Siriya, wadda garmar wani manomi ta tono a 1928, an samu haruffa 30 da ake rubutawa a yumɓu, har da allunan da ɗalibai suke jera su a, b, g, irin jerin abajada da muke ƙirga da shi a hisabi.

Finikiyawa na Sur da Saida da Jubail, a Labanan ta yau, su suka daidaita haruffan zuwa 22 suka yawata da su a jiragen fatauci. Girkawa suka karɓa a wajajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya suka ƙara wasula, daga gare su abin ya kai ga Rumawa. A ɗaya gefen Aramiyawa suka karɓa, daga nasu rubutun Nabatawa na Petra ya fito, daga shi kuma rubutun Larabci. Ma'ana, boko da ajami da Bahaushe yake rubutu da su tushensu ɗaya ne. Harafin A kan san nan ne aka juya ƙahonninsa ƙasa, kuma shi ne alifi. Finikiyawan nan su suka kafa Kartaj a Tunisiya ta yau, sunanta na asali Ƙart Hadasht, sabon birni, saiwa ɗaya da hadis na Larabci da addis na Addis Ababa. Rumawa sun rushe ta a 146 kafin Miladiyya, amma har zamanin malamin Kirista Augustine, wanda ya rasu a 430 Miladiyya, ƙauyawan yankin suna magana da harshen.

Ibrananci ɗan ɗakin Finikiyanci ne, tare da harshen Mowab, a Jodan ta yau, da aka gani a dutsen Sarki Mesha na wajajen 840 kafin Miladiyya. Ya daina zama harshen gida da kasuwa a wajajen 200 Miladiyya, ya rage a ibada da karatu da rubutu. A ƙarshen ƙarni na 19 aka farfaɗo da shi, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya sauka Falasɗinu a 1881. Abokinka ya yi gaskiya a abu ɗaya: rubutun Ibrananci ya riga na Larabci bayyana da ƙarnoni. Amma riga shiga rubutu ba ya nufin riga zuwa duniya. Tun da kaka ɗaya suka fito, tsawon tarihinsu ɗaya ne.

Harshen da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a karatunmu shi ne Aramiyanci. Ya taso daga ƙananan masarautun Sham irin su Dimashƙa a farkon ƙarnoni goma na ƙarshe kafin Miladiyya. Assuriyawa sun ci su da yaƙi, suka riƙa kwashe jama'arsu suna warwatsawa a faɗin daula, sai harshen waɗanda aka ci ya mamaye na waɗanda suka ci su, domin rubutunsa ya fi sauƙi, ana yin sa da tawada a fata ko takarda. Daular Farisa ta mayar da shi harshen ofis. An samu takardunsa a tsibirin Elefantin kusa da Aswan, an kuma same shi a dutsen Sarki Ashoka a Kandahar ta Afganistan. Shi ne harshen yau da kullum na mutanen Falasɗinu a zamanin Annabi Isa (AS), da shi aka rubuta mafi yawan Talmud, kundin malaman Yahudawa, kuma haruffan da Yahudawa suke rubutu da su a yau ma nasa ne. Karinsa na birnin Ruha, wato Urfa ta Turkiyya, shi ne Suryaniyanci, harshen Kiristocin gabas, wanda ya kai har Sin, inda yake a wani dutse da aka kafa a Xi'an a 781. Ta hannun masu wannan harshe irin su Hunain ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, littattafan likitanci da falsafa na Girkawa suka shigo Larabci a Bagadaza. Bashin da ilimin Musulmi yake ɗauke da shi na waɗannan masu fassara ba ƙarami ba ne. Har yau akwai masu magana da Aramiyanci a Ma'alula kusa da Dimashƙa, da Tur Abdin a Turkiyya, da arewacin Iraƙi, amma kisan 1915 da yaƙe-yaƙen Iraƙi da Siriya sun tarwatsa su zuwa Suwidin da Jamus da Amurka, inda jikoki suke tashi da wasu harsunan. Abin baƙin ciki ne harshen da ya yi shekara dubu uku ana jin sa ya zo yana neman ƙarewa a idonmu.

Shi kuwa Larabci, ambaton Balarabe na farko da aka sani a rubuce na shekarar 853 kafin Miladiyya ne, inda sarkin Assuriya Shalmanesar na uku ya lissafa abokan gabarsa a yaƙin Ƙarƙar, cikinsu har da Gindibu Balarabe da raƙuma 1,000. A baƙaƙen duwatsun hamadar kudancin Siriya da Jodan makiyaya sun bar dubban rubuce-rubuce da ake kira Safa'iyya, suna faɗin nasabarsu, da inda suka yi kiwo, da wanda suke makoki, kuma masana irin su Ahmad al-Jallad sun nuna tsohon Larabci ne. A 328 Miladiyya aka rubuta dutsen kabarin Imru'ul Ƙais a Namara, wanda ya kira kansa sarkin Larabawa duka, da harshen Larabci amma da haruffan Nabatawa. Rubutun Larabci irin wanda za ka iya ganewa ya bayyana a Zabad a 512 da Harran ta Siriya a 568. Saukar Alƙur'ani ita ta ɗaga wannan harshe, sannan Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya mayar da diwanin daula zuwa Larabci a ƙarshen ƙarni na 7. Darajar Larabci a wurin Musulmi daga wahayi take, ba ta jingina da cewa shi ne harshe mafi tsufa ba. Hadisin Bukhari ma ya ce Annabi Isma'ila (AS) daga ƙabilar Jurhum ya koyi Larabci, wanda ke nuna ba shi ne harshen gidan mahaifinsa ba.

A yau fiye da mutum miliyan 300 ne suka tashi da Larabci a baki. Wani reshensa, harshen Malta, da haruffan boko ake rubuta shi, kuma tun 2004 yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Wani reshen kuma maƙwabcinmu ne, Larabcin Shuwa na Barno da Chadi da arewacin Kamaru. Tun wajajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kuka da hare-haren Larabawan Juzam, kuma Ƙalƙashandi ya adana wasiƙar a Subhul A'asha.

Kudancin Jazirar Larabawa labarinsa daban ne. Saba'awa da maƙwabtansu na Ma'in da Ƙataban da Hadramaut suna da nasu harsunan da nasu rubutun, Musnad, wanda aka yi amfani da shi fiye da shekara dubu, har zuwa rubutun Abraha na gyaran madatsar ruwan Ma'arib a tsakiyar ƙarni na 6. Malaman lugga sun san ba Larabci ba ne, domin an ruwaito Abu Amr ɗan Ala yana cewa harshen Himyar da na can ƙuryar Yaman ba harshenmu ba ne. Har gobe a gabashin Yaman da Oman da tsibirin Soƙotra akwai ƙananan harsuna shida, manyansu Mahri da Jibbali da Soƙotri, waɗanda Balarabe ba ya jin su, kuma sun riƙe tsoffin sautukan da Larabci ya sauya.

A tsallaken Bahar Maliya kuma akwai Habasha da Eritiriya, inda harsunan Samiyawa masu rai suka fi yawa a wuri ɗaya: Amharanci mai fiye da mutum miliyan 30, wanda shi ke bin Larabci a yawan jama'a, sai Tigirinya da Tigire da Harari da harsunan Gurage. Tsohon harshensu na rubutu shi ne Gi'iz na daular Aksum. A zamanin Sarki Ezana, ƙarni na 4 Miladiyya, suka yi abin da 'yan'uwansu ba su yi ba, suka manna wa kowane baƙi wasalinsa a jiki, kuma daga hagu zuwa dama suke rubutu. Wannan ita ce ƙasar Najjashi da sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta, kuma Suyuɗi ya lissafa kalmomi irin su mishkat cikin waɗanda magabata suka ce daga harshen Habasha suke.

To, ina kakar ta zauna? Masanan ƙarni na 19 da yawa sun ce hamadar Larabawa, suna ganin daga can jama'a suke fitowa rukuni-rukuni. Wannan ra'ayi ya yi rauni, domin kalmomin da dukkan rassan suka gada na manoma ne da masu ƙananan dabbobi: huɗa, shuka, niƙa, sha'ir, inabi, bijimi, jaki, tunkiya, har da dusar ƙanƙara. Rayuwar raƙumi a tsakiyar hamada kuwa sai wajajen 1000 kafin Miladiyya ta kankama, lokacin Akadiyanci ya haura shekara dubu a rubuce. Wasu sun ce Habasha, saboda yawan harsunan da ke can. Wani bincike da Andrew Kitchen da abokan aikinsa suka buga a 2009, wanda ya auna kalmomin harsuna 25 da kwamfuta, ya nuna yankin Sham a wajajen 3750 kafin Miladiyya, ya kuma nuna harsunan Habasha sun tsallako daga kudancin Jazirar Larabawa kimanin shekara 2,800 da suka wuce. Ni ma Sham na fi karkata gare ta a matsayin gida na ƙarshe kafin rabuwa, domin a nan kalmomin noma da tsoffin rubuce-rubuce suka haɗu. Amma kakannin kakar daga Afirka suka fi kama da fitowa, kuma dalilin yana cikin amsar tambayarka ta ƙarshe.

Kafin nan, ka kiyayi haɗa harshe da jini. Mutanen Masar sun yi dubban shekaru da nasu harshen kafin su koma Larabci. Da yawa daga masu Amharanci a yau kakanninsu harsunan Agaw suke yi, waɗanda ba na Samiyawa ba ne. Basudane da Bamalte da Ba'assuriye duk masu harsunan Samiyawa ne, ba kuma launinsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Turawan ƙarni na 19 irin su Ernest Renan ne suka mayar da sunan dangin harsuna ya zama sunan jinsi mai wasu halaye na haihuwa, daga nan a 1879 Wilhelm Marr ya kafa ƙungiyar ƙin Yahudawa a Jamus da wannan suna. Inda wannan tunani ya kai Turai sananne ne, kuma ilimin harshe bai taɓa goyon bayansa ba.

Hausa ba ta cikin harsunan Samiyawa, amma dangi ne na nesa. Gidan Samiyawa reshe ɗaya ne daga rassa shida na wani babban dangi da Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya a shekarun 1950. Sauran su ne tsohon harshen Masar, da harsunan Berber irin na Buzaye, da na Kush irin su Oromo da Somali, da na Omo a kudancin Habasha, sai na Chadi, mai sunan tafkin Chadi, inda Hausa take tare da Bole da Ngas da Tangale da Margi da Bura da wasu fiye da ɗari. Rassa biyar cikin shida a Afirka kaɗai suke, shi ya sa mafi yawan masana suke ganin a arewa maso gabashin Afirka tushen yake.

A nan sai ka rarrabe abu biyu. Littafi, alƙali, lokaci, labari, sunayen ranaku, da ashirin da talatin da suka ture gomiya biyu da gomiya uku, duk aro ne da ya zo da Musulunci da fatauci, wani ta hannun Barebari, wani ta hannun Buzaye. Gadon kuwa yana can cikin ƙashin harshen, inda aro ba ya cika kaiwa. Gidanka, gidanki, gidanku, ga baituka, baituki, baitukum. Harafin t na mace a ta zo, rigarta, wata, ga taktubu da katabat. Ɗafa-goshin ma na wuri da kayan aiki a maƙera, majema, mabuɗi, ma'auni, ga maktab da miftah da mizan. Tambayar me, ga ma. Mutu, ga mata yamutu, kuma wannan saiwa tana tsohon harshen Masar, tana Buzanci, tana harsunan Chadi na kan tsaunukan Filato irin su Ngas, waɗanda ba su yi zaman makarantar allo da Larabci ba. Kalmar huɗu ma tana da 'yar'uwa a tsohon harshen Masar, fdw, wadda babu ita a Larabci ko kaɗan.

Wannan dangantaka ba hujja ba ce ga labarin Bayajidda da zuwansa daga Bagadaza. Bagadaza a 762 Miladiyya aka gina ta, rabuwar reshen Chadi da na Samiyawa kuwa mafi yawan kiyasin masana yana kai ta shekara dubu goma ko fiye. Da a ce Hausa daga Larabcin zamanin Abbasiyawa ta fito, da ta fi kama da Larabcin Shuwa fiye da yadda take kama da Bole ko Ngas, kuma kowa ya san ba haka abin yake ba.